Sugan da ke faɗuwa bayan an ƙoshi: yadda ake gyara shi daga tukunya

Akwai masu karyawa da ƙarfe bakwai na safe da koko mai sukari da burodi, ciki ya cika fam, amma kafin goma ta yi hannu ya fara rawa, zufa ta keto, zuciya na dukan uku-uku, ga wata yunwa mai sa mutum ya rasa inda zai sa kansa. Wani har ido yake yi masa hazo, ko ya riƙa faɗa ba dalili. Da ya sha lemon kwalba sai ya wartsake cikin minti goma. Kafin azahar kuma abin ya dawo. Galibin masu wannan matsala ba su da ciwon suga, ba sa kuma shan maganinsa. Sukarin jininsu ne yake yin ƙasa sa'a biyu zuwa huɗu bayan cin abinci.

Ga abin da ke faruwa a ciki. Duk abinci mai sitaci ko zaƙi yana narkewa ya zama sukari a jini. Idan ya shiga da sauri, wata gaɓa da ke kwance bayan tumbi, wadda likitoci ke kira fankiriyas, sai ta saki sinadarin insulin domin ya kwashe sukarin ya kai wa tsoka da hanta. A jikin wasu mutane insulin ɗin yana fitowa fiye da kima, ko ya fito a makare. Abincin ya gama shiga, shi kuma bai gama aiki ba, sai ya ci gaba da kwasa har sukarin ya yi ƙasa da inda ya kamata ya tsaya. Rawar jiki da zufa da bugun zuciya ƙararrawa ce da jiki ke bugawa domin a ceto shi. To, nan ne tarkon yake: zaƙin da ke kawo sauƙi nan take shi ne ke shirya faɗuwa ta gaba. Abinci mai saurin narkewa wutar kara ce, ta tashi bal-bal ta mutu murus, alhali jiki wutar gawayi yake nema. Duk gyaran da za a yi bai wuce rage saurin shigar sukari cikin jini ba.

A fara tabbatarwa

Ba kowace rawar jiki ce faɗuwar suga ba. Ƙarancin jini, zazzaɓin cizon sauro, ƙishirwa a lokacin zafi, fargaba, yawan shayi da goro, duk suna kawo irin waɗannan alamu. Likitoci suna dogara da sharuɗɗa uku da wani likitan tiyata ɗan Amurka, Allen Whipple, ya bayyana a 1938: alamun su bayyana, a gwada a ga sukarin ya yi ƙasa a daidai wannan lokacin, sannan alamun su gushe bayan sukarin ya hau. Idan ɗaya ya ɓace, magana ba ta tabbata ba.

Saboda haka a nemi na'urar gwajin suga ta hannu, a Zariya ana samunta a manyan kemis na Sabon Gari da Tudun Wada da Samaru. A gwada lokacin da jiki ke rawa, kafin a sa komai a baki. Gwajin da aka yi bayan an sha lemo ba ya nuna komai. Ƙasa da 70 a ma'aunin mg/dL, wato 3.9 a ma'aunin mmol/L, ana ɗaukarsa ya yi ƙasa. Ga wanda ba shi da ciwon suga, likita ya fi damuwa idan ya sauka ƙasa da 55, wato wajen 3.0. Idan na'urar tana nuna ƙananan lambobi masu ɗigo, a ninka da 18 a samu ɗaya ma'aunin.

Abubuwa uku ke ɓata gwaji. Yatsan da ya taɓa mangwaro ko rake ko dabino zai nuna suga ya hau alhali ya faɗi, don haka a wanke hannu da sabulu a bar shi ya bushe. Tsinken gwajin da ake ɗiga wa jini, idan aka bar kwalbarsa a buɗe, ko aka ajiye a mota cikin zafin Maris da Afrilu, ya lalace ko da kwanan watansa bai ƙare ba. Sannan ita kanta na'urar tana iya kuskure da kusan 15 a ma'aunin mg/dL, sama ko ƙasa, don haka lamba guda ba hujja ba ce. A samu ƙaramin littafi a riƙa rubuta abin da aka ci, ƙarfe nawa, ƙarfe nawa jiki ya fara, da lambar da ta fito. Mako biyu na wannan rubutu ya fi wa likita amfani a kan dogon bayani da baki. Wasu za su ga lambar ba ta taɓa sauka ƙasa da 70 ba duk da rawar jikin. Wannan ma sananne ne, kuma tsarin abincin da ke tafe yakan taimaka musu.

Idan abin ya riga ya taso

A zauna tukuna. Mai tuƙin mota ko babur ko keke-napep ya gangara gefe ya kashe. A sha giram 15 na sukari mai saurin shiga, ba fiye ba: ƙwayar sukari mai iyali uku, ko babban cokali ɗaya na zuma, ko lemon kwalba mililita 150, wato ƙasa da rabin kwalbar gilashi. A jira minti 15 a sake gwadawa. Idan har yanzu ƙasa da 70 yake, a maimaita. Da ya hau, a bi shi da abin da zai riƙe shi: gyaɗa cikin tafin hannu, ko dafaffen ƙwai, ko awara uku, ko ƙosai.

Kuskuren da aka fi yi shi ne shanye kwalba guda, a ɗora da biskit ko fanke saboda yunwar ta gigita mutum. Lemon kwalba na ɗauke da kusan giram 10 na sukari a kowace mililita 100, babbar roba ɗaya ta ninka abin da ake buƙata sau uku. Sa'a biyu bayan nan za a koma gidan jiya. Kuskure na biyu shi ne neman ceto da cakulan ko cincin: maiƙon da ke ciki yana jinkirta shigar sukarin a lokacin da ake buƙatarsa da gaggawa. Wanda kuma ya suma ko ya rikice har ba ya iya haɗiya, ba a ɗura masa komai a baki. A kwantar da shi ta gefe, a garzaya asibiti.

Gyaran kwano

Doka ta farko: sitaci ba ya shiga ciki shi kaɗai. Duk lokacin da za a ci tuwo, shinkafa, doya, dankali, burodi, taliya ko gari, sai da abokin tafiya mai gina jiki ko mai maiƙo, da kuma ganye. Wake, ƙwai, kifi, nama, awara, gyaɗa, ƙuli-ƙuli, nono, waɗannan suna rage saurin fitar abinci daga tumbi zuwa hanji, sukarin ya riƙa shiga kaɗan-kaɗan. Har jerin cin ma yana da tasiri. A fara da ganye da nama ko wake, a ƙare da sitacin.

Ta biyu ita ce yawa. A zama ɗaya, sitacin ya tsaya tsakanin giram 30 zuwa 45, na tsakanin abinci kuma wajen 15. Tunda ba kowa ke da sikeli a kicin ba, ga ma'auni da abin da ke hannu. Gwangwanin madara ɗaya na dafaffiyar shinkafa ya kai wajen giram 30. Yankan burodi ɗaya siriri, 15. Ayaba matsakaiciya, wajen 25. Ƙaramar ledar Indomie ta haura 40 ita kaɗai. Malmalar tuwo kuwa kada ta wuce dunƙulen hannun mai cinta, kuma ɗaya ce, ba a ƙari. A raba kwano da ido: rabi ganye da miya, kashi ɗaya cikin huɗu wake ko nama ko kifi, sauran kashin shi ne na sitaci. Wannan ya saɓa da yadda aka saba zubawa a gidajenmu, inda tuwo ke cika kwano miya ta zama ado, shi ya sa sai an zauna da mai girki an fahimtar da ita, ko da uwar gida ce ko mahaifiya.

Karin kumallo ne ya fi kayar da mutane, domin ciki a wofi yake, abin da aka zuba masa kuma galibi ruwa-ruwa ne mai zaƙi. Koko gasara ce da aka tace aka zubar da dusarta, aka dama ta yi laushi, ba ta da abin da zai tsayar da ita. Idan aka ƙara sukari cokali uku, an gama haɗa faɗuwar hantsi. Ba sai an rabu da koko ba. A sha ƙaramin kofi ɗaya babu sukari, a fara cin ƙosai biyar ko alale ko ƙwai biyu kafin a kurɓa. Kunun gyaɗa ya fi shi, matuƙar gyaɗar ta rinjayi shinkafar kuma ba a zaƙaƙa shi ba. A teburin mai shayi, haɗin da aka saba na sukari da Milo da rabin burodi shi ne mafi muni. A ce masa shayi da madara babu suga, wainar ƙwai biyu da albasa da tumatir, burodi yanka biyu. Shayi mai kauri, Nescafé da goro a kan yunwa suna ƙara bugun zuciya da rawar hannu, har su sa a kasa bambance faɗuwar suga da aikin goro. A bari sai an ci abinci.

Wajen tuwo, niƙa ita ce magana. Hatsin da aka surfe aka cire dusa, aka niƙa liƙis aka tankaɗe da rariya mai laushi, ya fi saurin zama sukari. Dawa ko gero da aka wanke aka niƙa da dusarsu sun fi jinkiri, sun kuma fi riƙe ciki. Tuwon shinkafa mai laushi da semo da sakwara da teba suna sahun masu sauri. Miya mai yauƙi, kuɓewa ko kuka ko karkashi, tana taimakawa wajen rage gudun, haka miyar taushe da ta ji gyaɗa da alayyafo. A yawaita miyar, a sa nama ko kifi ko da busasshe ne.

Fate kuwa, wanda ake tsokanar Zage-zagi da shi, yana iya zama abincin da ya fi dacewa da mai wannan lalura, yana kuma iya zama akasin haka. Ya danganta da hannun da ya dafa. Faten da tsaki ya yi yawa, aka dafa shi ya narke, ganye ɗan kaɗan yana yawo a sama, kunu ne kawai mai gishiri. A rage tsakin zuwa rabin abin da aka saba, a ɓarza shi da girma kada ya yi laushi, a zuba wake tun farko ya dahu a ciki, a cika tukunyar da rama ko yakuwa da alayyafo, a sa dakakkiyar gyaɗa. Kwano matsakaici na irin wannan yakan kai mutum la'asar lafiya. Haka dambu: zogale ya yi yawa, a sa gyaɗa da ɗan mai. Shinkafa da wake a yi su rabi da rabi, ba wake jefi-jefi ba, a ɗora kabeji ko latas da ƙwai. Ɗanwaken da ake sayarwa yanzu sau da yawa fulawa da garin rogo sun fi waken yawa, wani ma babu waken sam. A gida a haɗa garin da kansa, wake ya rinjaya. Waina biyu ko uku da miya da nama ta wadatar, waina da sukari ko zuma kuwa a bar wa masu lafiya. Ɗaliban Jami'ar Ahmadu Bello na Samaru da Kongo masu jiƙa garin kwaki da sukari da rana su sani wannan haɗin yana cikin mafi saurin tayar da suga da kayar da shi. A rage garin, a cire sukarin, a cika ƙuli-ƙuli, ko a ci shi da dafaffen wake.

Abin sha ya fi abin ci haɗari, domin ruwa ba ya jiran tauna. Lemon kwalba, maltina da 'yan uwanta, zoɓo da kunun zaƙi da kunun aya na roba, yogot mai zaƙi, ruwan 'ya'yan itace da aka matse, duk a ɗauke su a matsayin maganin gaggawa, ba abin sha na yau da kullum ba. Zoɓo da kunun aya na gida babu sukari ba laifi. Fura da nono a juya ma'auninta: nono ko kindirmo ya yi yawa, fura rabin curi, sukari babu. Kada kuma a ruɗu da cewa zuma da mazarƙwaila da dabino na gargajiya ne don haka ba sa cutarwa. Kusan kashi 80 cikin 100 na zuma sukari ne, babban cokali ɗaya na ɗauke da wajen giram 17. Mazarƙwaila ruwan rake ne da aka dafa ya daskare. Shi kansa raken, wanda ƙasar Zazzau ba ta rasa shi, gaɓa ɗaya bayan an ci abinci ta isa, ba a zauna da sanda guda a kan yunwa ba. 'Ya'yan itace a ci su da ƙwarinsu: gwaba, lemu da totuwarsa, yankan gwanda, ƙaramin mangwaro ɗaya, a haɗa da gyaɗa ko a ci bayan abinci.

Lokaci

Maimakon cin sau biyu ko uku a cika tumbi, a raba abincin yini gida biyar ko shida, tazarar kusan sa'a uku. Karin kumallo wajen bakwai, ɗan abu da hantsi, abincin rana bayan azahar, ɗan abu bayan la'asar, tuwon dare bayan magariba, wanda yake farkawa cikin dare da zufa ya ƙara kofin nono ko ƙwai kafin ya kwanta. Littafin da aka rubuta zai nuna lokacin da jiki ya saba faɗuwa, sai a riga shi da minti talatin. Ɗan abin nan na tsakani ba biskit ko fanke ko gullisuwa ba ne. Gyaɗa, gurjiya, aya, awara, ƙwai, tsire, kwaɗon zogale ko na rama. A riƙa tafiya da ƙullin gyaɗa a aljihu ko jaka, da ƙwayar sukari uku a wata leda daban domin ko-ta-kwana.

Raba abinci ake nufi, ba ƙara shi ba. Da yawa suna jin an ce a ci sau shida sai su bar kwanonsu uku yadda suke su ɗora uku a kai, bayan wata uku ga ƙiba, ƙibar kuma tana ƙara rikita aikin insulin. Gyaɗa cikin tafi ɗaya, wajen giram 30, ita ce ma'auni, domin maiƙonta da yawa. Wadda ta yi fumfuna ko take ɗaci a zubar. Wasu kuma sukan tsallaka ɗaya gefen, su yanke sitaci gaba ɗaya su koma ganye da nama. Kasala da ciwon kai su biyo baya, su kasa jurewa, ranar da suka koma tuwo kuma abin ya fi da tsanani. Ragewa da haɗawa ake so. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara nama da wake sai ya ji daga likita, mai hawan jini kuma ya lura da gishirin kilishi da tsire.

Tattaki na minti 10 zuwa 15 bayan cin abinci yana sa tsoka ta sha sukarin tun bai taru ba. Aikin ƙarfi irin noma, dako ko ƙwallo sa'a biyu zuwa uku bayan abinci kuwa yana iya haɗuwa da lokacin faɗuwar, don haka a ci ɗan abu kafin a fara. Barasa tana hana hanta haɗa sabon sukari ta saki cikin jini, ga mai wannan lalura haɗarinta ninki ne.

Azumi yana da nasa tsari. Abin mamaki, wasu ba sa shan wuya da rana kamar yadda suke sha bayan buɗa-baki: dabino bakwai, kunu mai zaƙi, zoɓo, kankana, soyayyen dankali duk a zama ɗaya, sai jiri ya kama su a sahun asham. A buɗe baki da ruwa da dabino ɗaya zuwa uku, a bi da ƙosai ko ƙwai ko farfesu, a yi sallah, sannan a ci abinci madaidaici. Sahur a jinkirta shi, ya zama wake, ƙwai, tuwon dawa da miya, ko nono. Shayi mai sukari da burodi da asuba yana kayar da mutum tun kafin tara na safe. Idan gwaji ya nuna ƙasa da 70 ga alamu sun bayyana, a karya azumin. Wanda abin ke yawan samunsa ya tattauna da likita da malami tun watan Sha'aban.

Inda abinci kaɗai ba ya isa

Wanda aka taɓa yi wa tiyata a tumbi, abinci yana zarcewa hanjinsa da sauri, kuma faɗuwarsa ta fi tsanani. Shi sitacinsa kada ya wuce giram 30 a zama, kuma ya raba ci da sha: ruwa sai bayan minti talatin da gama cin abinci. A wasu mutanen kuma wannan faɗuwa alama ce ta farko cewa ciwon suga na tafe, musamman mai ƙiba ko wanda ake da ciwon a danginsu. Gwajin safe kafin a karya da ya nuna 100 zuwa 125, ko gwajin HbA1c, mai auna matsakaicin suga na kusan wata uku, da ya nuna kashi 5.7 zuwa 6.4 cikin 100, yana nufin an tsaya a bakin ƙofa. A kuma duba magungunan da ake sha. Kwinin na zazzaɓi yana saukar da suga, haka ƙwayoyin ciwon suga irin gilibenkilamaid idan aka sha bisa kuskure, da jiƙe-jiƙen da ba a san abin da aka zuba a ciki ba.

A ba wa sabon tsarin mako biyu zuwa huɗu ana ci gaba da rubutu. Idan babu sauyi, ko suga yana faɗuwa da asuba kafin a ci komai, ko an taɓa suma ko fizge-fizge ko rikicewar magana, ko lambar tana sauka ƙasa da 55, ko mace tana da juna biyu, wannan ya wuce gyaran tukunya. Faɗuwa a kan yunwa musamman tana iya fitowa daga hanta, ƙoda, ko wani ƙari a fankiriyas, kuma bincikenta daban ne. A ɗauki littafin da duk magungunan da ake sha a je asibiti, ko na Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, a nemi ganin likitan ɓangaren suga da masanin tsarin abinci. Gwajin da ya fi dacewa shi ne a ba mutum irin abincin da ke tayar masa da matsalar, a riƙa ɗibar jini har sa'a biyar. Gwajin shan ruwan sukari zalla na giram 75 yakan saukar da sugan masu lafiya ma, don haka ba a dogara da shi kaɗai. Akwai ƙwayar akarbos da ke jinkirta narkewar sitaci a hanji, tana kumbura ciki da yawan iska, kuma likita ne kaɗai zai ce a sha ta da yadda za a sha.